Daga Ɗakin Motsa Jiki Zuwa Maƙera: Sana'ar Farfaɗo da Moton Injin Gudu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan injin huda ko injin fere ƙarfe ya san kowane aiki da irin gudun da yake so. Siririn bakin huda mai kaurin milimita 3 sai ya yi juyi sama da 2,500 a minti kafin ya ci ƙarfe yadda ya kamata. Babba mai milimita 20 kuwa, da ya haura juyi 400 da ɗoriya zai ɗau zafi, bakinsa ya dakushe, aiki ya tsaya. Moton da aka saba gani a ƙananan shaguna gudu ɗaya kawai ya iya: a irin wutarmu, ko dai ya yi wajen 1,400 a minti, ko wajen 2,800. Mai son canji sai ya kashe inji, ya buɗe murfi, ya sassauta bel, ya matsar da shi daga wannan fuli zuwa wancan. A ƙananan injuna ma zaɓin da wuya ya wuce hawa biyar.

Akwai wani inji da tun daga masana'anta aka ƙera shi don ya yi abin da ya gagari wannan moto, wato injin motsa jiki da ake hawa ana tafiya ko gudu a wuri ɗaya. Dole ya ja mutum mai kilo 100 yana tafiyar hawainiya, sannan da an taɓa maɓalli ya koma gudun tsere ba tare da fizga ba. Abubuwa biyu ne suka ba shi wannan iko, kuma duka suna ƙarƙashin murfin robar da ke gabansa: moto mai aiki da wutar DC, irin ta batir, da fanel ɗin da ke auna masa wutar. Idan injin ya tsufa aka yar da shi, sau da yawa su biyun, ko ɗaya daga cikinsu, suna nan da ransu. Aikin masu wannan sana'a shi ne su ciro su, su gwada, su ɗora a kan injin aiki. Ƙarfen araha ne, wani lokaci ma kyauta. Abin da ake biya shi ne sanin yadda za a sa moto da fanel da fuli su zauna lafiya da juna.

Inda abin ya samo tushe

Injin gudu bai fara a matsayin kayan jin daɗi ba. A 1818 wani injiniya ɗan Ingila, William Cubitt, ya ƙera wata ƙatuwar ƙafa mai matakala da ake sa fursunoni su yi ta takawa, a wasu gidajen yarin tana niƙa hatsi ko jawo ruwa. A 1952, a Jami'ar Washington da ke Seattle, likitan zuciya Robert Bruce da Wayne Quinton suka haɗa mai moto don auna lafiyar zuciya. Wanda ya shigar da shi gidajen mutane shi ne William Staub, injiniya a jihar New Jersey, a ƙarshen shekarun 1960, bayan littafin Dokta Kenneth Cooper mai suna Aerobics, wanda ya fito a 1968, ya cusa wa Amurkawa sha'awar gudu don lafiya.

Tun daga lokacin injin ya cika gidaje a Amurka da Turai. Mutum zai saya a farkon shekara da niyyar rage ƙiba, bayan 'yan watanni himma ta yi sanyi, inji ya koma wurin rataye tufafi. Ga nauyi, ga cin wuri, in kuma ya samu matsala kuɗin mai gyara kan kusa kamo kuɗin sabo. Shi ya sa ake tallarsa kyauta a Craigslist ko Facebook ga duk mai motar ɗauka. A nan ne masu ƙira a garejin gida suka gano shi: masu tsofaffin injunan fere ƙarfe irin su South Bend da Atlas a Amurka ko Myford a Ingila, da maƙeran wuƙaƙe, da masu fere katako. A can yawancinsu sha'awa ce ta sa su, amma akwai waɗanda suka mayar da warware injunan da sayar da kayan cikinsu hanyar abinci.

Akwai dalilin da ya sa moto kan riga sauran injin daɗewa. Shimfiɗar da ake takawa tana zamewa ne a kan wani katako, kuma tana bukatar a riƙa sa mata man silikon lokaci zuwa lokaci. Mutane da yawa ba sa sawa. Idan ta bushe sai ta yi tauri, moto ya riƙa jan wuta fiye da kima, wanda ke fara gajiya kuwa shi ne fanel. Moton kansa ba shi da tarkace da yawa: naɗin jan ƙarfe, maganaɗisu, burushi biyu na gawayi, boris biyu. Abin lalacewa a jikinsa kaɗan ne.

Ranar warwara

Gwani ba ya fara aiki da sifana. In injin yana tashi, jona shi yake yi tukuna ya ga me ke aiki me ya mutu tun komai na haɗe. Daga nan ya zare filogi, ya kwance murfin gaba, ya ɗauki hoton kowace mahaɗa da wayar salula. Yaron shagon da ya yi gaggawar kai hannu zai ji tsawa: "Kai, dakata! Hoto tukuna. Ka zare waya ɗaya ba ka san inda ta fito ba, ka ja mana aikin kwana biyu."

Ƙarƙashin murfin, cikin ƙura da gashi da zare, moto na kwance a gicciye, tsawonsa wajen santimita 25 zuwa 30. A bakinsa akwai faifan ƙarfe mai nauyi, wato filawil, haɗe da ƙaramin fuli mai siraran tsagi. Wayoyi biyu masu kauri, ja da baƙa, su ne na wuta. A wasu akwai ƙarin shuɗaye biyu, na makunnin da ke yanke wuta idan moto ya yi zafi, sai koriya ta ƙasa. A gefe ga fanel manne da farantin alminiyum mai sha masa zafi. Kusa da shi, a wasu injunan, akwai wani dunƙulen ƙarfe mai siffar taransifoma amma wayoyinsa biyu kacal. Wannan shi ne cok, aikinsa lallashin wuta ta isa moto ba tsalle-tsalle. Wanda bai san shi ba zai jefa shi cikin tarkace, daga baya ya yi ta mamakin gurnanin da motonsa ke yi.

Ba a barin komai. Akwai ƙaramin moto na biyu mai ɗaga gaban inji don kwaikwayon hawan tudu. Shi da wutar AC yake aiki, yana da giya da doguwar sanda mai zare, kuma yana da ƙarfin ɗaga teburin injin huda, sai dai ba a yi shi don ya yi ta aiki ba hutawa ba. Ga makunni mai haɗe da na'urar yanke wuta, ga bututun ƙarfe biyu masu boris da shimfiɗa ke zagayawa a kansu, ga firam na ƙarfe mai kyau da za a yanka a yi wa moto mazauni. Keken motsa jiki ba shi da babban moto, ɗan ƙaramin da ke cikinsa maganaɗisu kawai yake matsarwa, amma faifansa mai nauyi da boris ɗinsa suna da amfani.

Manyan injunan gidajen motsa jiki da yawa sun bambanta. Motonsu na AC ne mai layi uku, ana gane shi da rashin murfin burushi a jikinsa. Moto ne mai nagarta, amma fanel ɗinsa ba ya jin maganar kowa sai allon maɓallai na sama da aka ƙera su tare, don haka ya fi sauƙi a sayo masa inbata mai sarrafa gudu ta daban.

Karatun lamba da gwaji

A jikin kowane moto akwai takarda ko ɗan faranti mai lambobi, kuma a nan ake fara gane wanda ya iya. Lamba ta farko ita ce bolt. Motocin da aka yi don Amurka, inda wutar gida bolt 120 ce, yawanci suna tsakanin bolt 90 zuwa 130. Waɗanda aka yi don ƙasashe masu wuta 220 zuwa 240 galibi na bolt 180 ne. Ta biyu ita ce amfiya, ta uku juyi a minti, wanda kan fara daga 3,000 ya haura 6,000 a wasu. Ta huɗu, wadda aka fi rubutawa da manyan haruffa, ita ce ƙarfin doki, kuma ita ce gwani ya fi yi wa kallon tsanaki.

Dalilin kuwa lissafi ne. Ƙarfin doki ɗaya daidai yake da wat 746. Idan faranti ya ce bolt 90, amfiya 10, to abin da moton ke ci wat 900 ne, bai kai doki ɗaya da kwata ba tun kafin a cire abin da zafi ya cinye. In an rubuta doki 2.5 a jikinsa, wannan ƙarfin ɗan lokaci ne da zai iya fitarwa kafin ya ɗau zafi. Soket ɗin gida a Amurka mai amfiya 15 ma gaba ɗaya wat 1,800 yake iya bayarwa. Saboda haka mai sana'a yakan ninka bolt da amfiya da kansa, ya nemi inda aka rubuta ƙarfin da moto ke iya riƙewa ba tsayawa, ya yi aiki da wannan.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin ba ya bukatar kaya masu tsada. Ana juya bakin moto da hannu a saurara: boris mai lafiya shiru yake, wanda ya ci ƙasa yana ƙara. Sai a haɗa jar waya da baƙa a sake juyawa. Lafiyayyen moto zai yi tauri nan take, kuma taurin iri ɗaya ne duk zagayen, domin idan ana juya shi janareta yake komawa. In ana jin yana kamawa yana saki, akwai matsala a naɗinsa. Daga nan a sa mita tsakanin waya da jikin ƙarfe a tabbata wuta ba ta zurarewa. A kwance murfin burushi a duba sauran tsawon gawayin, a leƙa zoben jan ƙarfen da yake gogawa: in sumul yake, madalla, in ya yi baƙi da ramuka, sai an gyara. A duba kar maganaɗisu ya tsage ko ya ɓalle daga mazauninsa. A ƙarshe a jona shi da batirin mota mai bolt 12, zai juya a hankali, juyi 'yan ɗaruruwa a minti. Hanci ma na da nasa aiki, don naɗin da ya taɓa ƙonewa warinsa ba ya ɓoyuwa.

Fanel, inda aikin ya fi wuya

Moton DC mai maganaɗisu yana bin ƙa'ida mai sauƙi: gudunsa na bin yawan bolt, ƙarfin murɗarsa na bin yawan amfiya. Aikin fanel shi ne ya karɓi wutar AC daga layi, ya mayar da ita DC, ya ba moto gwargwadon abin da ake so. Matsalar ita ce a cikin injin gudu, fanel daga allon sama yake karɓar umarni, wancan mai maɓallai da hoton bugun zuciya. Ba mai son rataye wannan allo a jikin injin huda. Sana'ar ita ce a samo abin da zai maye gurbinsa.

Fanel biyu ne suka fi suna a wurin masu wannan aiki, dukansu ana samunsu a injunan kamfanin da ake kira ICON har zuwa 2021, na jihar Utah, mai NordicTrack da ProForm. Na farko, MC-60, shi ne abin so saboda sauƙinsa. A jikinsa akwai wuraren jona waya masu alama: biyu na wutar layi, biyu na moto, sai uku masu haruffa H da W da L. A waɗannan ukun ake jona maɓallin murɗawa irin na ƙara sautin rediyo, mai om 5,000, shi ke nan inji ya tashi. Yana da wata ɗabi'a da ya gada daga tsohon aikinsa: in aka kashe wuta aka kunna, ba zai motsa ba sai an mayar da maɓallin ƙasa tukuna. An yi haka ne don kada inji ya watsar da mai hawa. Wasu na cire wannan kariya don tana ɓata musu lokaci, wasu na barinta, musamman a shagon da yara ke koyon aiki.

Na biyu, MC-2100, ya fi santsin aiki da shiru, don shi tara wuta yake yi a manyan kafasita yana sakar wa moto ita a gutsuttsure, sau dubbai a daƙiƙa. Amma ba ya jin maganar maɓallin murɗawa kai tsaye. Yana son a riƙa aika masa ƙaramar sigina mai bugawa sau 20 a daƙiƙa, tsawon kowane bugu shi ke gaya masa gudun da ake so. Masu aiki kan haɗa wannan da ƙaramin allon Arduino ko ɗan guntun lantarkin nan mai lamba 555.

Idan fanel na asali ya mutu, hanya biyu ce. Ta farko a sayi na masana'antu, irin KBIC na kamfanin KB Electronics, wanda akwai mai karɓar bolt 230 ya fitar da har 180. Ta biyu ita ce ta araha: a sayo ƙaramar na'urar rage wutar AC, a bi ta da dayod huɗu masu mayar da ita DC, a sa cok. Tana juya moto, amma araha ba ta ado. Fanel na ƙwarai yana lura idan aiki ya danne moto sai ya ƙara masa wuta don gudu ya tsaya daidai, kuma yana da iyakar amfiyar da ba zai bari a wuce ba. Haɗin araha ba shi da ko ɗaya. Da baƙin ƙarfe ya kama, gudu zai faɗi, in kuma ya cije gaba ɗaya ba abin da zai tsaya tsakanin moto da ƙonewa sai fis.

Lissafin fuli

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ya ɗauka tun da akwai maɓallin rage gudu, an gama da fuli. A ce moto mai doki 2 ne, wato wajen wat 1,500, yana juyi 4,000 a minti. Wannan ƙarfi a cikakken gudu yake bayar da shi. In aka murɗa maɓalli aka mayar da shi juyi 1,000, abin da ya rage bai wuce kwata ba, wajen wat 370. Ga shi fankar da ke sanyaya shi a jikin filawil take, ita ma ta rage gudu, zafi na taruwa. Abin kamar direban tirela ne da ya ɗauko kaya ya tunkari hawa a babbar giya yana rage mai: injin na da ƙarfi, amma ba a ba shi hanyar fitar da shi ba.

Gwani yakan fara tambayar kansa mafi girman gudun da aikin ke bukata. In injin huda ne da ba zai wuce juyi 1,000 ba, sai ya sa fuli mai faɗin santimita 5 a moto, mai santimita 20 a inji. Yanzu moto na gudu sosai yana shan iska, ƙarfin murɗa ya ninku huɗu, maɓalli kuma yana ba da komai daga nan zuwa ƙasa. Zarton inji na katako yana gudun wajen mita 900 a minti, mai yanka ƙarfe kuwa mita 25 zuwa 60 yake so, don haka mai son zarto ɗaya ya yi aiki biyu dole ya ƙara wata sanda mai fuli biyu a tsakani. Maƙerin wuƙa mai injin bel na samfefa, irin mai faɗin inci 2 da tsawon inci 72, lissafinsa daban: ƙafa mai santimita 10 a juyi 3,500 tana jan bel wajen mita 1,100 a minti, gudun cin ƙarfe ke nan. Idan ya zo gyaran baki sai ya rage sosai, domin bakin wuƙar da ya yi zafi har ya koma shuɗi ya daina riƙe kaifi.

Filawil ma sai an yanke shawara a kansa. A injin wasa yana da amfani, don nauyinsa na hana gudu faɗuwa idan aka danna ƙarfe. A injin fere kuwa yana hana tsayawa da wuri. Mai cire shi sai ya sa wata fanka daban da za ta riƙa hura moto ko da yana tafiya a hankali.

Wuraren da ake jin ciwo

A yawancin waɗannan motoci zaren da ya riƙe filawil na hagu ne, yana ƙara ɗaurewa idan moto na juyawa ta inda aka tsara shi. Musanya jar waya da baƙa na sa moto ya juya baya, to a nan filawil zai iya kwancewa ya fita da gudu a cikin shago. Mai bukatar juyin baya sai ya huda ya sa masa fil ko ya ɗiga masa walda. Ba a kuma juya makunnin baya moto na cikin gudu, nan take fanel zai tafi. Wasu motocin ma an karkata burushinsu don juyi ɗaya, suna tartsatsi in an mayar da su baya.

Haɗari na biyu ba ya ganuwa. Yawancin waɗannan fanel ba su raba wutar layi da ɓangaren umarni ba, don haka siraran wayoyin maɓallin murɗawa ma suna iya kashe mutum. Dole a sa komai cikin akwati, a yi amfani da maɓalli mai kan roba, a jona wayar ƙasa a jikin inji. Manyan kafasita kuma suna riƙe wuta bayan an zare filogi: wajen bolt 170 a fanel na wuta 120, wajen 325 a na wuta 230. Ana jira, a auna da mita, sannan a taɓa.

Na uku shi ne garin ƙarfe. An yi moton ne don ɗaki mai tsabta, jikinsa a buɗe yake, cikinsa kuma maganaɗisu ne mai jawo duk ɓarɓashin da giranda ta watsa. In ba a yi masa rumfa da matatar iska ba, ko a ajiye shi nesa da bakin aiki, ba zai yi ƙarko ba.

A kasuwanninmu

A Najeriya da Nijar da Ghana injin gudu ba kayan kowane gida ba ne, amma yana nan a otal-otal, gidajen motsa jiki, gidajen masu hali, da shagunan kayan tokumbo da ke shigowa ta Legas da Kwatano. Wanda aka yi don wutar Amurka, in aka jona shi a tamu ba tare da taransifomar rage wuta ba, fanel ne ke tashi nan take, moto kuwa sau da yawa ba abin da ya same shi. Hawa da saukar wuta ma fanel suke fara ci. Irin waɗannan kan ƙare a hannun 'yan gwangwan, daga nan zuwa kasuwannin ƙarfe irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna.

A wurin ɗan gwangwan moto nauyi ne a kan sikeli da jan ƙarfen da za a fasa a ciro. Mai sana'a sai ya riga guduma zuwa. "Alhaji, don Allah in irin wannan ya shigo, kada yara su fasa. A haɗe nake so, har da allon da ke gefensa da wayoyin, zan ƙara maka a kan kuɗin kilo." Wannan yarjejeniya ita ce rabin jari, domin moto ba fanel rabin kaya ne.

A nan moto mai bolt 180 ya fi dacewa da wutar layi. Mai bolt 90 ko 130 yana bukatar taransifoma mai ɗaukar nauyinsa, ko fanel da aka ƙayyade masa iyaka. Sai dai ƙananan suna da wata fa'ida ga shagon da ke da sola: tun da wutar batir suke ci, moto mai bolt 130 da juyi 4,000 zai yi kusan juyi 1,500 a kan batura masu bolt 48, ba tare da an bi ta inbata ba. Kuma da yake fanel na tayar da moto a hankali, ba ya yi wa janareta irin fizgar da moton AC ke yi a lokacin tashi.

Riba da iyaka

Mai wannan sana'a na cin abinci ta hanya uku: sayar da moto da fanel da ya gwada ya tabbatar, ɗora su a kan injin wani, ko ƙera sabon inji gaba ɗaya, kamar na wasa wuƙa ko na fere katako. Aikin ya haɗa hannun mutum uku, mai gyaran lantarki, mai walda da mai fere ƙarfe, don sau da yawa sai an fere wa fuli rami daidai bakin moto. Wanda bai haɗa ukun ba sai ya yi abota da maƙwabtansa na kasuwa.

Wani ɓangare na gwaninta shi ne sanin inda za a ce a'a. Wannan moto bai dace da injin niƙa ko markaɗe da ke aiki daga safe har dare cikin gari da ruwa ba, burushinsa zai cinye, ƙura ta shige shi. Ga irin wannan aiki, rufaffen moton AC ya fi. Haka mai babban shago da ke da halin sayen moto mai layi uku da inbatarsa, wannan ya fi masa kwanciyar hankali. Wurin moton injin gudu shi ne ƙaramin shago, inda ake aiki ana hutawa, kuma canjin gudu ya fi ɗanyen ƙarfi muhimmanci.

Matashin da ke son shiga harkar zai fi kyau ya fara da injin huda, inda kuskure ba ya tsada, kafin ya taɓa injin fere ko zarto. Ya kuma tanadi littafi, domin kayan nan ba sa zuwa da takardar bayani, kuma da wuya a samu biyu iri ɗaya a jere. Kowane moto da ya bi ta hannunsa ya rubuta bolt ɗinsa, amfiyarsa, juyinsa, irin fanel da girman fulin da ya sa masa. Kwafin wannan bayani, tare da zanen yadda wayoyi suka tafi, ya manna shi a cikin murfin akwatin kowane inji da ya sayar, ya haɗa wa mai saye da burushi biyu na ajiya.